Garantin Kawu

A shekarar da aka rantsar da Shagari, 1979, Inna ta gaji da yawon da nake yi bayan an tashi daga makaranta, ta kama hannuna ta damƙa wa ƙaninta. Ba a nemi shawarata ba. Teburin Kawu yana Fagge, a wata baranda da ke kallon hanyar da 'yan kasuwa ke bi zuwa Kantin Kwari. Ba za a kira shi shago ba. Tebur ne mai akwatin gilashi a sama da aljihu uku a ƙasa, sai benci ɗaya na masu jira, in magariba ta gabato mu tura shi cikin wani ɗan ɗaki mu datse da kwaɗo. Aikina na farko shara da karɓo shayi. Na biyu wanke inji da fetur a murfin gwangwani. An daɗe kafin a yarda in riƙe hantsaki.

Mai gyaran agogo ake ce masa, amma fiye da rabin abincinsa daga harhaɗawa yake fitowa. Yakan sayi matattun agogunan Suwizalan, irin na tsofaffin ma'aikatan reluwe da malaman En'e, waɗanda gilashinsu ya dushe, gumi ya cinye bayansu. Sai ya ciro injin ya warware shi kaf a kan farar takarda, ya wanke, ya musanya abin da ya lalace da na wani mataccen, ya ɗiga mai da bakin allura, sannan ya zaunar da shi a sabon gida da sabuwar fuska 'yan Hong Kong da yake sarowa a Sabon Gari. Injin da ya fi yarda da shi sunansa FHF 96, mai wani da hannu, mai duwatsu 17, mai bugu biyar a kowane sakan. Waɗannan duwatsu sun jawo masa zargi ba kaɗan ba. Mutane sun yi imani cewa masu gyara suna sace su, don haka za ka ga mutum ya tsaya masa a ka, ya ƙura ido, ko ƙiftawa ba ya yi. Ni ma na ɗauka dukiya ce. Ashe a masana'anta ake yin su, amfaninsu kawai su hana ƙarfe cin ƙarfe, kuma dukansu ba su kai kuɗin kwanon shinkafa ba.

Idan an gama ciniki, kafin ya miƙa agogo, sai ya buɗe murfin baya ya karce lamba da allura, a gefenta ya sa ɗan harafin mim na ajami. Ya rubuta lambar a wani dogon littafi mai baƙin bango, da sunan mai saye da unguwarsu, ya yago 'yar takarda ya sake rubuta lambar ya ba shi. Sannan ya faɗi maganar da na ji har na haddace:

"In ya tsaya ka dawo mini da shi. Muddin ina numfashi ba za ka biya ladan aiki ba. In kai ka fasa, ka sayi abin da ka fasa, hannuna kyauta ne."

Kuma suna dawowa. Wayyo, suna dawowa! Manomi ya kawo nasa da ya faɗa cikin kunu. Direban tirela ya kawo nasa da ya sha girgiza daga nan har Legas, sukurori sun kwance. Wani ya murɗa kan agogonsa har ya tsinke sifirin, ya zo yana rantsuwa shi bai yi masa komai ba. In hunturu ya shigo kuwa sai layi, domin ƙura tana bin kowace kafa ta shiga, ta gauraya da mai ta zama dauɗa, agogo ya fara ja da baya. Duk Kawu zai karɓa, ya kanga a kunne, ya lumshe ido, ya ce a dawo rana kaza.

A gefenmu akwai wani saurayi mai faranti cike da agogunan batir, masu nuna lamba a baƙin gilashi. Shekara goma ke nan da Seiko ta fitar da agogon hannu na farko mai aiki da kwats, a ƙarshen 1969, ga shi har irinsu sun yi arahar da ake tallarsu a faranti a Fagge. Shi wannan maƙwabci namu, da kuɗi sun shiga aljihunsa ciniki ya ƙare. In ka dawo gobe ka ce ya mutu, sai ya ce ai da ransa ka tafi da shi. Ya sayi Vespa a gabana. Mu kuwa da ƙafa muke zuwa daga Gwale, da ƙafa muke komawa. Kada in ɓoye muku, shi nake sha'awar zama.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne bayan dawowar alhazai. Aikin Hajjin 1980 a watan Oktoba aka yi, kafin ƙarshen Nuwamba benci ya cika da masu sababbin Seiko 5 da Rado da Orient da suka tsarabo daga Jidda, wannan a rage masa sarƙa, wancan a daidaita masa kwanan wata. Aiki mai sauƙi, kuɗi a hannu, kuma daga cikinsa ake ba ni nawa. Amma da wani talaka ya miƙo 'yar takardar nan mai lamba, sai Kawu ya ture na Alhaji gefe. Wata rana na kasa daurewa na raɗa masa:

"Kawu, ga Alhaji yana jira, shi fa biya zai yi."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Wannan ma ya biya. Tun bara."

Na ɗauka baƙar magana ce kawai. Shekaru suka shuɗe kafin in gane lissafi yake faɗa mini.

Akwai rediyo a wurinmu, amma ba a kan tebur take ba. Can jikin ginshiƙi aka kafa mata ƙusa. Da ita muke saita lokaci, in BBC ta buga ƙararrawar nan tata ta cikar awa, a faɗi ƙarfe kaza agogon GMT, mu ƙara awa ɗaya. Na taɓa sauko da ita na ajiye kusa da akwatin gilashi don in ji wasan ƙwallo da kyau, Kawu ya daka mini tsawar da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Dalilin bai fito fili ba sai ranar da wani ladani ya zo.

Tsoho ne siriri, ladanin wani ƙaramin masallaci a bayan Fagge, ta wajen 'Yan Awaki. Kaɗan-kaɗan ya biya kuɗin agogonsa, kuma saboda hunturu ya saya, don in hazo ya rufe gabas ba a ganin ketowar alfijir. A tsakiyar Disamba ya iso, ya yi sallama, ya zauna a bakin benci yana murmushin kunya.

"Malam, ɗan naka ya koyi gaggawa. Jiya na tashi unguwa tun dare bai raba da kyau ba. Liman har ya tambaye ni ko lafiya."

Kawu ya saurara a kunne. "Baba, ina kake ajiye shi in za ka kwanta?"

"A kan rediyo, kusa da kaina."

A nan na sami darasina. A cikin agogo akwai wani naɗaɗɗen sifirin da ya fi gashin jariri siranta, shi ke buɗewa yana rufewa yana ƙayyade bugu. Lasifikar rediyo kuma tana da maganaɗisu. In agogo ya kwana a kanta sai zagayen sifirin ɗin su manne da juna, ya gajarce, bugun ya ƙaru, agogo ya yi ta gudu. Maganin ba wuya. Kawu yana da wata naɗaɗɗiyar waya da mai gyaran fanka ya yi masa, a jona ta da wuta, a zura agogon a zare shi sannu a hankali. To ranar babu wuta, kuma yana so ya wanke shi ya sa sabon mai tun da an riga an kawo. Ya ce wa tsoho ya dawo ran Alhamis. Tsohon ya yi jim, ya ce to asuba fa? Sai Kawu ya kwance agogon hannunsa, West End, wanda da shi muke gwada na kowa, ya ɗaura masa. "Riƙe wannan, kada jama'a su makara. Amma ban da kan rediyo."

Mun san Maitatsine, duk wanda ke Fagge ya san shi. Muhammadu Marwa, mutumin Kamaru, wanda Sarki Sanusi ya kora a 1962 ya sake dawowa ya kafa sansani a 'Yan Awaki. Yana tsine wa mai hawa keke, da mai rediyo, da mai ɗaura agogo. Mu yara abin dariya muka ɗauke shi, muna kwaikwayon Hausarsa a lungu. In gardawansa za su wuce ta gabanmu, Kawu yakan jawo wani tsohon mayafi ya rufe akwatin gilashi, ya sunkuyar da kai har sai sun yi nisa. A raina na ce tsoro ya yi wa Kawu yawa. Me almajirai za su yi wa mutum da rana tsaka, ga 'yan sanda a gari?

Ran Alhamis ɗin da aka ce wa ladan ya dawo ita ce 18 ga Disamba. Bai zo da safe ba. Can da rana muka fara ganin mutane suna wucewa da sauri, sannan da gudu, sannan mata da goyo ba mayafi. Aka ce gardawan Maitatsine sun kara da 'yan sanda a filin Shahuci, kuma 'yan sandan ne suka ja da baya. Mai farantin batir ya tattara nasa ya haye Vespa ko sallama babu. Muka tura tebur cikin ɗaki, Kawu ya datse, ya jijjiga kwaɗon, muka kama hanya. Bai ɗauki komai ba. Ya ce zuwa gobe hukuma za ta shawo kansu.

Gobe ta zo, jibi ta zo. Gwale ta cika da baƙi masu ƙunshin kaya a ka, kowa da labarinsa, kowane labari ya fi na baya muni. Ana ta raɗe-raɗin cewa in sun kama mai agogo hannun suke fara sarewa. Ko gaskiya ne ko tsoro ne ya haife shi, maza dai sun kwance nasu, sai ka ga wuyan hannun mutum da wani zagaye mai haske inda rana ba ta taɓa ba, yana jan hannun riga yana rufewa. Kawu ya daina cin abinci. Yana zaune a zaure yana lissafi da yatsu, leɓɓansa na motsi. Na zaci tasbihi yake. Da na matsa sai na ji sunayen mutane yake jerawa, da irin agogon kowa. Sama da 40 ne a aljihun tebur, babu nasa ko ɗaya.

Daren Asabar na ji su da Inna.

"Yaya, kayan mutane ne."

"Kayan mutane sun fi ranka? In an kashe ka su za su riƙe maka 'ya'ya?"

"In an ƙone su da wane ido zan dubi masu su?"

Ta yi kuka, ta haɗa shi da girman iyayensu, ya yi shiru. Da aka idar da sallar asuba ran Lahadi sai na ga ya zame ta bayan masallaci, da langa a hannu, naɗe a tsumma irin yadda ake kai wa majinyaci abinci. Na bi shi daga nesa. Sai da muka yi dogon zagaye ta Ƙofar Nasarawa ya waiwayo ya gan ni, lokacin mayar da ni ni kaɗai ya fi tafiya da ni haɗari. Ya daɗe yana kallona. Abin da ya ce kawai, "Tun da ka zo, ka riƙe bakinka."

Ban taɓa jin Kano shiru ba sai ranar. Babu mai tallar koko, babu hon, babu ko kukan jaki. Hazo ya sauko ƙasa-ƙasa ya haɗu da hayaƙi, maƙogwaro yana ɗaci. Takalma a warwatse a kan titi, ƙafa ɗaya-ɗaya. A bakin wata kwata na ga mutum kwance an lulluɓe shi da buhu, ƙafafunsa a waje, fari fat da ƙura, ungulaye uku a kan katanga suna jira. Kawu ya sa tafin hannu ya juya mini fuska, hannun nan da ba ya rawa ko a kan sifirin, na ji yana karkarwa a kumatuna.

Kwaɗon yana nan. Muka shiga, ya jawo ƙofa. A cikin duhu ya zazzage aljihun tsakiya cikin langa, kowane agogo da 'yar takardarsa ɗaure da zare, ya cusa tsumma a sama ya rufe. Littafin mai baƙin bango ya soke shi a ƙugu ƙarƙashin riga, gilashin idonsa da hantsaki a aljihu. Na nuna masa akwatin gilashi, inda nasa na sayarwa suke jere, jarinsa kaf. Ya girgiza kai. Langa ta cika. Ya miƙo mini ita, don yaro da kwanon abinci ba ya jan ido.

Mun yi 'yar tafiya sai na fara ji. Cak, cak, cak, a ƙirjina, inda na rungume langar. Da farko ɗaya, sai biyu, sai suka yi yawa, ga wani sautin shuu-shuu yana bi ta ƙarƙashi, kwanon kuma yana ƙara musu amo. A kunnena duk Fagge tana jin su. Na ƙara matse ta, na ƙara sauri, su ma suka ƙara. Ina tafe ina hango gardi ya ɓullo daga kowane lungu ya ce yaro me ke kuka a kwanonka. Na so in yi magana, na tuna an ce in riƙe bakina. Fitsari ya zubo mini, ɗumi ya bi cinyata har cikin takalmi, ban tsaya ba.

Daga baya, da hankali ya kwanta, Kawu ya yi mini bayani yana dariya har da hawaye. Masu wani da hannu duk sun mutu tun ran Asabar, don waninsu ba ya kai kwana biyu cikakku. Na alhazai ne suka farka. Seiko 5 ba ya jiran a murɗa masa kai, akwai wani ƙarfe mai nauyi a bayan injin da ke juyawa da motsin jiki yana ɗaure sifirin. Rawar da jikina ke yi da saurin da nake ƙarawa su ne suke ba su wani. Agogo sarkin aiki, in ji masu kirari. Ranar na so a ce malalaci ne.

Ba gardawa muka haɗu da su ba. A wata mararraba muka faɗa hannun 'yan unguwa da 'yan tauri, sun gindaya itace, riƙe da gora da adda da takubba. Su kuma duk wanda suka ga alamar bara a jikinsa, ko baƙuwar fuska, ɗan tatsine ne har sai ya wanke kansa, kuma ba kowa ake ba lokacin wanke kai ba. Ga ni yaro, busu-busu da ƙura, wando a jiƙe, rungume da kwano.

"Kai, me ke ciki?"

Harshena ya ƙi motsi. Wani mai jajayen idanu, layu har gwiwar hannu, ya sa bakin wuƙa ya ɗage murfin, ya ture tsumman. Suka leƙa. Aka yi tsit, sai cak-cak ɗin kawai. Sai ɗaya ya fashe da dariya, ya ce, "Kai, waɗannan ai su ne aka tsine wa tun daga sama har ƙasa. Ku bar su su wuce." Abin da na yi ta roƙon Allah ya kashe wa murya shi ya zame mana shaida. Muna shirin wucewa wani daga baya, da adda a kafaɗa, ya ƙwala wa Kawu kira:

"Malam! Nawa yana ciki? Orient, mai tsinkakkiyar sarƙa."

"Yana ciki."

"An gama?"

"Ai Talata na ce maka."

Sai ƙarshen wata sojoji suka shiga 'Yan Awaki aka kawo ƙarshen abin. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 4,177 suka mutu. Da muka koma barandarmu, ƙofar ɗakin tana ƙasa, tebur ya zama gawayi, akwatin gilashi babu ko ɓurɓushin abin da ke ciki. Kawu ya tsaya ya yi salati, ya tsuguna ya tsinci wani ɗan sukudireba da ya ƙone, ya sa a aljihu. A zauren gida ya sake farawa, a kan tabarma, da kayan aikin aro. Ya aika saƙo ta bakin 'yan kasuwa cewa duk mai agogo a wurinsa ya zo Gwale. Suka riƙa zuwa ɗaya-ɗaya, wasu da takarda, wasu takardar ta ƙone da gidan, sai a duba littafi. Akwai wanda ya karɓi nasa ya zauna ya yi ta kuka, don shi kaɗai ya rage masa cikin abin da ya mallaka.

Ladan bai zo ba. Kawu ya gyara agogon tun a watan Janairu, ya je har masallacin, ya tarar babu rufi, maƙwabta sun watse, wanda ya samu bai san inda tsohon ya nufa ba. Ya sa shi a wani gwangwanin taba shi kaɗai. Kowace safiya in ya buɗe aiki shi yake fara ba wa wani, ya gwada shi da rediyo, ya mayar. In ya ga lokacin wanki ya yi sai ya warware shi ya sa sabon mai, agogon da babu mai ɗaurawa. Na taɓa ce masa ya sayar mana da shi, ai West End ɗinsa ta fi shi daraja nesa ba kusa ba, an yi musaya ke nan. Ya ce, "Nawa aro na bayar. Nasa ajiya ya ba ni. Ba hanyarsu ɗaya ba."

A 1985, mun koma Fagge da sabon tebur, wani magidanci ya yi sallama ya miƙo takarda da ta yi laushi don tsufa. A gafakar mahaifinsa ya same ta. Sun gudu ƙauyensu ta wajen Ringim a daren farko, tsohon ya kamu da ciwon haƙarƙari a hanya, bai ga ƙarshen sanyin ba. Shi bai ma san ko takardar mece ce ba, lamba ce kawai da sunan Fagge, ya yi ta tambaya har aka nuno mu. Kawu ya yi wa mamacin addu'a, ya buɗe gwangwani, ya buɗe murfin baya ya nuna masa lambar ta yi daidai da ta takarda. Agogon yana tafiya, lokaci daidai. Mutumin ya laluba aljihu, Kawu ya riƙe masa hannu. Ni kuwa bakina yana ƙaiƙayi, ina so in tambayi West End, sai na ji an taka mini ƙafa a ƙarƙashin tebur, da ƙarfi. Har ya tafi ba a ambace ta ba. Abin da aka raka shi da shi kawai, "In ya tsaya ka dawo da shi. Kuma kada ka ɗora shi a kan rediyo."

Wuta ba ta karya Kawu ba, kasuwa ce ta karya shi a hankali. A can Suwizalan agogon batir ya riga ya yi ɓarna: masu aikin agogo sun kai 90,000 a 1970, kafin tsakiyar shekarun 1980 sun koma wajen 30,000, masana'antun inji da yawa sun rufe ko sun haɗe. Kayan gyaran da ake samu a Sabon Gari suka fara yankewa. A watan Satumba na 1986 gwamnatin Babangida ta saki naira a kasuwar canji, abin da ya rage ya yi tsadar da ba a taɓawa. Casio kuma ta cika gari, mai araha, mai ƙararrawa, mai fitila, ba ta neman mai ba ta neman wanki. Masu saye suka ragu, masu dawowa da takarda ba su ragu ba. Na ga Kawu yana warware agogon da ya harhaɗa don sayarwa, ya ciri abu ɗaya a ciki ya sa wa na wani kyauta.

A lokacin ne maganar "ya biya tun bara" ta buɗe mini. Kowane agogo da ya sayar bashi ne ya ci, kuma littafin nan mai baƙin bango littafin masu binsa ne. Wata rana ya kwashe na sayarwa daga akwatin gilashi ya ce ya daina. Na tambayi dalili, ya nuna idonsa na dama, wanda yake maƙala wa gilashi, yana ta riga ta fara rufe shi. "Wanda ke kaina ma ban san yadda zan ƙare da shi ba." Daga nan ni nake yin aikin. Shi zai karɓa, ya kanga a kunne, ya faɗi ciwon, kuma bai cika kuskure ba, sannan in mai shi ya juya baya ya turo mini. Ya rasu a 1994, a gidan haya. Mai farantin batir a lokacin yana da shaguna biyu a Kwari.

Ba a yi sadakar arba'in ba wani dattijo ya zo gaisuwa, ya gama addu'a, ya ɗan yi shiru, sannan ya zaro agogo da takarda daga aljihu. Raina ya ɓaci. Ni malamin makaranta ne a lokacin, ga iyali, ga albashin da ba ya kai wata. Kuma sharaɗin a bayyane yake, da numfashin Kawu aka ɗaure shi, numfashin kuwa ya ƙare. Babu alƙalin da zai ce ina da bashin kowa. Na buɗe baki zan faɗi haka, sai na ga rubutun da ke takardar, lambar nan mai karkata hagu. Na ce ya dawo ran Asabar. Shi ya gaya wa wani, wani ya gaya wa wani.

Ba zan ce wa matashi mai sana'a ya kwafi Kawu baki ɗaya ba. Alkawarinsa ya fi farashinsa girma, bai taɓa sa kuɗin wankin shekara ashirin a cikin ciniki ba, kuma iyalinsa ne suka biya cikon. Ya kuma ɗora komai a kan ido biyu da yaro ɗaya da ya koya wa aiki. Amma wanda ya sayi agogo a hannunsa ya sami abin da babban kanti ba ya sayarwa, mutumin da ya san cikin agogonsa, ya san inda yake ajiye shi da dare. Matsalar ba ta Fagge kaɗai ba ce. A Turai har yau akwai masu ƙera agogo su kaɗai ko da 'yan mataimaka, ana sayen aikinsu da kuɗin da zai gina unguwa, kuma tambayar da ke damun masu saye ita ce wa zai duba shi in maƙerin ya tsufa ko ya mutu. George Daniels, wanda ya yi aikinsa a tsibirin Man kusa da Ingila, da ya rasu a 2011 ya bar wa Roger Smith, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa, kayan ɗakin aikinsa gaba ɗaya. Shi ya shirya magaji tun da ransa, da gangan. Ni a kan tabarmar makoki gadon ya same ni.

Ba ni da wanda zan miƙa wa. 'Ya'yana a waya suke duba lokaci, kuma ban ga laifinsu ba. Idona na dama ya fara abin da na Kawu ya yi, a kwalbar da nake ajiye babban sifirin na FHF 96 kuma saura huɗu. Duk wanda ya gaji tsohon agogo mai wani daga mahaifinsa a Kano, ya sa a buɗe masa murfin baya. In ya ga lamba da ɗan mim an karce da allura, aikin Kawu ne, kuma ba a biyan ladan gyara a kansa. Tsofaffin masu gyara na Fagge sun san inda nake. Ya kawo tun ina gani.